Wa ya shaƙe Arlena? Muhawarar littafinmu na wannan wata

Malama Bilki: Assalamu alaikum 'yan gida. Yau ce ranar da muka sa wa littafin wannan wata, Evil Under the Sun na Agatha Christie, wanda ya fito a 1941. Wanda bai gama ba ya ajiye wayarsa, don yau za a fasa ƙwai. Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: wasu masu hannu da shuni ne suka je hutu wani otal a kan ɗan tsibiri a gaɓar Devon, kudu maso yammacin Ingila, cikin watan Agusta. Akwai Arlena, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo, kyakkyawa ajin farko, da mijinta Kyaftin Kenneth Marshall, da 'yar mijin Linda mai shekara 16. A otal ɗin Kenneth ya yi kiciɓis da Rosamund, ƙawarsa tun suna yara, wadda yanzu ta zama babbar mai ɗinkin kayan mata a Landan. Wata rana da hantsi aka tsinci gawar Arlena a wani lungun gaɓa, an shaƙe ta. Ni tambayata ɗaya ce, ita ta hana ni barci: a duk otal ɗin nan, akwai wanda ya san Arlena kafin ta mutu?

Ɗan Fagge: Malama ni fa roƙo nake a fasa min ƙwan. Nawa kwafin a gefen titi na saya wajen masu tsofaffin littattafai, ban duba ƙarshensa ba. Ina cikin karatu, na kai inda Poyirot, mai binciken kisan, ya kwashi mutanen otal zuwa yawon shan iska, na juya shafi sai na ga bango. Wani mara imani ya yage sauran, ƙila ma an naɗe ƙosai da su. Kwana uku ke nan ina zargin faston nan mai zare ido.

Yusufu na Maraɗi: Ƙanena, kafin komai, Puwaro ake cewa, harafin ƙarshe ba a furta shi. Kuma mutumin Beljiyam ne, in ka ce masa Bafaranshe sai ya gyara maka. Ni da Faransanci na karanta shi tun ina makaranta, a can sunansa Les Vacances d'Hercule Poirot, wato hutun Puwaro. Sunan Ingilishin ya fi nauyi, mugunta a ƙarƙashin rana, kuma daga Baibul aka ɗauko maganar.

Ɗan Fagge: Na karɓi gyara, Yaya. Puwaro. To faston ne ko ba shi ba ne?

Anti Zulai: Ba shi ba ne, ɗan nan. An yi zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Patrick Redfern ne, saurayin nan mai fara'a da ke bin Arlena kamar jela, shi da matarsa Christine, wadda kowa yake tausaya wa.

Ɗan Fagge: Haba Anti! Patrick da yake cikin kwale-kwale tare da Emily Brewster, ɗaya daga baƙin otal ɗin, lokacin da suka hango gawar? Christine kuma ai tana can wata gaɓar da Linda. Yaushe suka yi?

Baba Lawal: Bari in warware maka, yarona, tunda shekara talatin da biyar na yi a kaki kafin in ajiye. Abin da Emily ta hango ba gawa ba ce. Christine ce kwance rub da ciki, ta sa farin kayan wanka irin na Arlena, ta rufe kanta da koriyar malafa irin tata, an maƙala jan gashi a gefe. Tun da safe a ɗakinta ta shafe jikinta da man da ke sa fata ta yi duhu, ta jefar da kwalbar ta taga, ita ce kwalbar da ta kusa faɗa wa Emily a ka tana iyo, sannan ta zura kaya masu yalwa ta rufe jikin. Patrick ya sauka, ya durƙusa, ya ce ta mutu. Ya ce shi zai tsaya da gawar, Emily ta koma ta kira 'yan sanda. Tana ɓacewa Christine ta miƙe ta hau tsani ta ruga otal. Ita kuwa Arlena tana nan da ranta a cikin wani kogo da ke lungun gaɓar, ta ɓuya don Patrick ya riga ya gaya mata in ta ga matarsa na saukowa ta shige ciki. Ya kira ta ta fito, ya shaƙe ta. Wato an ba da rahoton kisa kafin a yi kisan.

Ɗan Fagge: Innalillahi. To Linda fa da ta ce Christine ba ta bar wurinta ba sai sha biyu saura kwata?

Baba Lawal: Agogon yarinyar ta duba ta faɗa. Christine ta riga ta shiga ɗakinta da sassafe ta tura agogon gaba da minti ashirin. Da Linda ta cire shi ta shiga ruwa, Christine ta mayar da shi daidai kafin ta tafi. Ta dawo otal ta yi wanka ta wanke man, sha biyu tana filin tanis kamar ba ita ba. Wankan nan ne Puwaro ya riƙe, don mai gyaran ɗaki ta ji ƙarar ruwa yana zuba da tsakar rana, ya bi kowa da tambaya, kowa ya ce ba shi ba ne. Mutum ba ya musun wanka sai da dalili.

Maman Sadiq: Baba ni fa a nan ne littafin ya so ya raina min hankali. A ce mutum ya ga mace kwance ya kasa gane wannan ba waccan ba ce? Emily ai kullum tana ganin su biyun a wajen cin abinci.

Hafsatu a Ingila: Anti wallahi da ban zo ƙasar nan ba da ni ma haka zan ce. Ina karatu a Plymouth, kuma tsibirin da ake cewa shi marubuciyar ta kalla ta rubuta labarin, Burgh, ba shi da nisa da mu. Na je bara da wasu 'yan ajinmu. Yana daura da wani ƙauye Bigbury-on-Sea, in ruwan teku ya janye da ƙafa ake takawa kan yashi, 'yan mintoci ka isa. In ya ciko kuma hanyar ta nutse, sai a hau wata irin tarakta mai dogayen ƙafafu, fasinjoji na can sama, tayoyin na cikin ruwa. Otal ɗin fari ne, ginin 1929, har yanzu yana aiki, ni dai daga waje na kalle shi don kuɗin kwanansa ba na ɗalibi ba ne. Abin da nake so in faɗa: ranar da muka je an yi rana, yashin nan cike yake da mutane a kwance, sun juya baya, sun rufe fuska da hula ko tawul, ba sa ko motsi. Na tsaya ina kallo na ce wa ƙawata, in aka ce in nuna wace ce wace a nan sai dai in yi canke. Daga nesa launin fata da na kayan wanka kawai kake gani. Kuma tun a farkon littafin Puwaro ya yi wannan maganar, ya kamanta masu kwanciyar da gawarwaki a jere, kowa ya ce ya cika baƙar magana. Ashe amsar ya ba mu tun a babi na ɗaya.

Anti Zulai: Ikon Allah. Su suna biyan kuɗi su kwanta a rana su yi baƙi, namu 'yan matan suna ƙarar da kuɗi a kan man shafe-shafe su yi fari. Ɗan Adam ba a iya masa.

Hafsatu a Ingila: Anti in kika yi hunturu ɗaya a nan za ki yi musu uzuri. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, a watan Yuni kuma sai bayan tara rana take faɗuwa. Waɗannan 'yan watannin suke jira duk shekara. Shi ya sa kalmar bazara da muke fassara lokacin da ita ba ta zauna min ba. Bazararmu gudun rana ake yi, kuma Agustan da suke kwance a yashi mu marka ake yi a gida.

Yusufu na Maraɗi: Ku tuna kuma da shekarar da ya fito. A 1941 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ana ruwan bama-bamai a biranen Ingila, babu mai maganar hutu a bakin teku. Mai karatu a lokacin yana karanta rayuwar da ta kuɓuce masa ne. Marubuciyar kuma 'yar yankin ce, a Torquay aka haife ta a 1890, ta san duwatsun da ruwan.

Baba Lawal: Maman Sadiq, ƙarin bayani a kan Emily. Ba ta taɓa gawar ba, ba ta ɗaga malafar ba. Wannan gaskiya ne a rayuwa. Na sha zuwa wurin da aka tsinci gawa, mutum hamsin a tsaye, ka tambaya wa ya duba ko da sauran numfashi, sai a yi tsit. Mutum ɗaya ne ya ce ya mutu, sauran suka ɗauka. Kuma ba banza Patrick ya zaɓe ta ba. Ya san tana jin jiri in ta hau sama, ba za ta bi tsani ba, dole ta zagaya ta ruwa, wannan ya ba su lokaci. Inda ni na ga rauni daban ne. Shirin ya yi tsauri da yawa. Minti biyar in ya goce, ko wani ya leƙo daga saman dutse, ko Linda ta ɗaga kai ta ga ana taɓa mata agogo, shi ke nan asiri ya tonu. Masu laifin da na sani ba sa son aiki mai igiyoyi da yawa. Sannan a aikinmu wanda ya ce shi ya fara ganin gawa, da shi ake fara zama. Su Kanar Weston, shugaban 'yan sandan yankin, sun bar shi yana yawo yana share hawaye.

Malama Bilki: Baba ka kawo ni inda nake so. Me ya sa suka bar shi? Don kowa a otal ɗin ya riga ya gama rubuta labarin a kansa: ga muguwar mace mai cin maza, ga wawan saurayi da ya faɗa tarkonta, ga baiwar Allah matarsa tana haɗiyar baƙin ciki. Patrick da Christine ba su ƙirƙiro wannan labarin ba, sun tarar da shi a bakin mutane ne suka hau. Har faɗan ƙarya suke yi da dare inda suka san za a ji su. Matan otal suna zaune a kan kujeru suna saƙa suna yanka Arlena, faston yana ganinta kamar shaiɗan a siffar mace, babu wanda ya tsaya ya ce, to wai me take samu a wurin mazan nan?

Maman Sadiq: Malama Bilki kar ki wanke ta tas. Mace da aurenta, mijinta na zaune, 'yar mijinta na kallo, tana kashe wa mijin wata ido a bainar jama'a? Ko Christine muguwa ce, Arlena ba ta san haka ba. A saninta mijin wata take ɗauke wa hankali, kuma ko a jikinta. Ni ba zan yi mata kuka ba.

Anti Zulai: Ba wanda ya ce waliyya ce, ƙanwata. Amma duba lissafin. Wani tsohon attajiri ya mutu ya bar mata fam dubu 50, kuɗi na fitar hankali a wancan zamanin. Da 'yan sanda suka bincika sai suka ga kaso mai yawa ya salwanta. Ina suka tafi? Aljihun samari irin su Patrick, da sunan za a juya mata su. Wanda aurensa ya mutu saboda ita a baya, da aka gama shari'a ƙin aurenta ya yi. Maza suna ɗokinta su gaji su watsar. Wannan ce mai cin maza? Ita ake ci.

Bari in ba ku wani abu da idona ya gani. A unguwar da na yi zaman aure na farko akwai wata bazawara, ba zan faɗi suna ba, mijinta ya rasu ya bar mata gida biyu da shago. Fara ce, mai son kwalliya, in ta fito ƙamshin turarenta sai ya riga ta isowa. Duk matan layin, har da ni, mun sa mata ido. In ta gaida mijin wata, ranar ba a kwana lafiya a gidan. Akwai wani yaro mai shiga da fita gidanta, kullum cikin shadda mai maiƙo, muna cewa ga ta nan ta lalata ɗan mutane. Bayan shekara biyu sai ga ta a tsakar gidana da yamma, ta zauna a kan turmi, ba hoda ba jan baki, tana tambaya ko ina da wanda zai sayi kujerunta. Yaron ya sa ta sayar da gida ɗaya za su yi harkar kaya daga waje, ya tafi da kuɗin, ashe har da matarsa a wani gari. Ta ce min, Zulai, duk layin nan ba wadda zan iya gaya wa, don na san dariya za a yi. Ina riƙe da ludayi na rasa abin cewa, don ni ma da bakina a cikin masu zaginta. Da na kai inda Puwaro yake bayanin Arlena, ita na tuna.

Maman Sadiq: Allah sarki. Wannan kam da ban tausayi. Amma Anti taki bazawara ce, ba ta ci amanar kowa ba. Arlena fa da igiyar aure a kanta. Ina nan a kan bakana.

Malama Bilki: Ki zauna a kan bakanki, ba laifi, ni ma ban ce a ba ta lambar yabo ba. Mu dawo kan tsofaffin abokan, don su ne suka fi ba ni mamaki a karatu na biyu. Rosamund ta san Kenneth tun suna yara, tana son sa tun lokacin, ba ta yi aure ba. Da aka yi kisan me ta yi? Ta je ta gaya wa masu bincike cewa ta leƙa ɗakinsa ta gan shi yana buga wasiƙu a tafireta. Ƙarya ce. Shi kuma don ya rufa mata baya ya ce ai ya hango ta ta madubi, alhali daga inda teburin rubutun yake ba zai yiwu ba. Abin dariyar, bai ma buƙaci taimakon ba, don mai gyaran ɗaki ta ji ƙarar tafiretar, kuma wasiƙun amsa ce ga saƙon da ya iso a safiyar. To me ya sa ta yi ƙaryar? Don a ranta ta yarda shi ya kashe. Wadda ta fi kowa daɗewa da saninsa ita ce ta fi kowa zarginsa.

Yusufu na Maraɗi: Malama ni a nan na ga ƙarfin abotar. Ta ɗauka ya yi kisa, duk da haka ta tsaya masa. Wa zai yi maka wannan in ba wanda kuka ci ƙasa tare ba?

Baba Lawal: Malam Yusufu, irin wannan tsayawar ce take kai mutum gidan yari. Da Puwaro ya so, ƙaryar nan kaɗai ta isa a ce su biyun suka haɗa baki, ga dalili a fili, tana so matar ta kauce ta shiga. Ga kuma turarenta iri ɗaya da wanda aka shaƙa a cikin kogon. Na ga mutanen da ba su yi komai ba suka kwana a sel saboda wani masoyinsu ya yi musu ƙaryar da ba su roƙa ba. In kana son mutum ka faɗi abin da ka gani, ka yi shiru a kan abin da ba ka gani ba.

Malama Bilki: Ni kuma abin da na gani, yaron da ta sani take karewa, ba mutumin da ke gabanta ba. Ta san yana da zuciya in ya fusata, ta ɗora a kan wannan. Shekarun da suka yi ba su haɗu ba, ya yi aure biyu, ya binne mace ɗaya, ba ta san me suka mayar da shi ba. Shi kuma zuciyar mutum birninsa, ba ya magana, hankalinsa na can kan 'yarsa. Mutum uku suna son juna, kowa na ɓoye wa kowa, makasan na gefe suna shan shayi.

Hafsatu a Ingila: Kenneth ɗin nan ni haushi yake ba ni. Matarsa ta farko, uwar Linda, an yi mata shari'ar kisan mijinta aka wanke ta, duniya ta juya mata baya, ya aure ta don tausayi. Arlena ma da aka yi watsi da ita bayan abin kunya, ya aure ta don tausayi. Sai ka ce motar ɗaukar marasa lafiya. Ya kawo su gida kuma ya yi musu shiru.

Anti Zulai: Kin faɗi gaskiya 'yata. Auren tausayi in ba kulawa a bayansa, horo ne. Ya san matarsa ba ta da wayo a kan maza da kuɗi, ya zuba mata ido har aka kai ta kogo.

Ɗan Fagge: Ku tsaya don Allah, ni har yanzu ban ji yadda aka kama su ba. Yawon shan iskan nan na mene ne?

Yusufu na Maraɗi: Gwaji ne. Christine ta sha faɗa cewa tana jin jiri in ta hau wuri mai tsawo, don kar a yi tunanin za ta iya sauka a dogon tsanin nan. Puwaro ya kai su Dartmoor, wani daji mai tuddai a Devon, inda za a tsallaka wata siririyar gada a kan rafi. Emily ta kai tsakiya ta daskare, Christine ta wuce abinta a guje, ta manta da ƙaryarta. Sannan ya nemi a binciko masa matan da aka shaƙe a 'yan shekarun baya. Aka samo wata Alice Corrigan a Surrey, wadda wata malamar wasanni ta ce ta tsinci gawarta a lokacin da mijin yake cikin jirgin ƙasa. Dabara iri ɗaya. Aka aika wa 'yan sandan can hoton baƙin otal, suka ce wannan ai mijin ne, wannan kuma malamar ce. Da Puwaro ya faɗa a gabansa, Patrick ya yi kukan kura ya shaƙo wuyansa. Faston naka kuwa ya taɓa zama a yankin Surrey ɗin, shi ya sa aka jefa maka shi ka bi. Blatt, baƙon otal ɗin nan mai surutu, shi kuma harkar miyagun ƙwayoyi yake yi ta cikin kogon, ba ruwansa da kisan.

Ɗan Fagge: Kai! Wato duk littafin an mayar da ni ɗan kallo. Na ma fi jin haushin wanda ya yage shafukan yanzu.

Maman Sadiq: Ba wanda ya yi maganar Linda, ita ce ta sa ni hawaye. Yarinya ba uwa, an ajiye ta a makarantar kwana, ta dawo hutu ta tarar da matar uba da ba ta zaginta ba ta dukanta, kawai dai ba ta ganinta. Ta samo littafin tsafi, ta sayi kyandir, ta narka ta yi 'yar tsana, ta soka mata allura ta ƙona. A ranar aka kashe matar. Yarinya ta ɗauka ita ta kashe ta. Ni na tashi a hannun matar uba, na san irin abin da yaro yake raya wa a ransa da dare in an kashe fitila. Da a ce wani abu ya sami tawa a lokacin, wallahi zan ce ni ce.

Anti Zulai: Kuma Christine ta ga kyandir ɗin, ta gane inda yarinyar ta dosa, ta bar mata hanyar maganin barci a buɗe. Yarinya ta sha ta bar wasiƙa cewa ita ce, da ƙyar aka ceto ta. Wannan ya fi shaƙewar muni a wurina. Maman Sadiq, ga wadda kike tausaya wa a farko.

Maman Sadiq: Na tausaya mata har shafi na kusa da ƙarshe, ban ɓoye ba. Ta iya sanyin murya, munafuka.

Hafsatu a Ingila: Ni ƙarshen ne ya ɓata min rai, ban ga an taɓo shi ba. Rosamund da ta gina kamfaninta da hannunta, sunanta ya zaga Landan, Kenneth ya ce in za ta aure shi sai ta rufe harkar su koma ƙauye. Ta ɗan yi musu na minti ɗaya ta ce ta yarda, wai abin da take so ke nan tun da. Mutumin da bai iya riƙe mace biyu ba shi ke kafa sharaɗi!

Baba Lawal: 'Yata, 1941 ne. Kuma ita ta ce tana so, ba a ɗaure ta ba.

Hafsatu a Ingila: Baba da girmanka, wadda ta rubuta littafin ma mace ce mai aure a 1941 ɗin, kuma ba ta ajiye alƙalaminta ba har ta tsufa. Ita ta ci gaba da sana'arta, ta sa Rosamund ta rufe tata.

Baba Lawal: To, nan kin kama ni. Na ajiye sandata.

Anti Zulai: Ni da Rosamund ƙanwata ce, cewa zan yi ta sa wata amintacciya a shagon, kar ta sayar. Ta je ƙauyen ta yi shekara ɗaya da mutumin da ba ya magana, sannan mu sake zama.

Yusufu na Maraɗi: Ga mai son kallo, an yi fim ɗinsa a 1982, amma sun ɗauke labarin daga Ingila sun kai shi wani tsibiri a tekun Adiriyatik, sun canza mutane da yawa. Wanda aka yi wa talabijin a 2001 shi aka ɗauka a tsibirin da Hafsatu ta je.

Malama Bilki: Mun gode Malam Yusufu. Tambayata ta farko dai har yanzu tana nan, wa ya san Arlena? Ni na ƙirga mutum biyu: mijinta da ya sani ya yi shiru, da Patrick da ya sani ya mora.

Maman Sadiq: Ki ƙara da Puwaro, shi da ya taimaka mata ta tura abin hawanta cikin ruwa a safiyar, ta ce kar ya gaya wa kowa inda ta nufa, ya kuwa kama bakinsa.

Ɗan Fagge: Malama, wa ke da cikakken kwafi a Kano ya ara min? Ina so in karanta shafukan nan da idona, musamman inda ya shaƙo Puwaro.

Anti Zulai: Ka zo gida ranar Asabar bayan la'asar ka karɓi nawa. Ka ƙirga shafukan a gabana kafin ka fita, haka kuma zan ƙirga in ka dawo da shi.